Kwandasta da Furen Kabewa

"A'a, Dillali, kar ka katse ni. Tun ɗazu kake zuba kamar an ɓalle kan famfo, ban ce maka uffan ba. Yanzu ka bari in yi tawa."

Mai Tsintsiya ce ke magana. Tana tsaye a tsakar gidan maƙwabcinta Direba, bokitin ruwa a hannu ɗaya, ɗayan hannun a ƙugu. Shi Direba shekaranjiya aka kai shi makwancinsa. Wanda take mayar wa martani kuwa ƙaninsa ne, Dillali, yana can waje bayan katangar titi inda maza ke zaune. Ba ta ganinsa, ba ta kuma nemi ta gan shi ba.

"Na ji duka. Ka ce ni na hana a kai yayanka gidan 'yarsa inda asibiti yake kusa. Ka ce na zaunar da mutum mai ciwo cikin raɓa yana ɗaukar hoton mage. To muzuru ne, ka fara gyara wannan. Ka ce an tsinci 'yan ƙananan kabewa a bayan taya, alamar wani ne ya tsinke su da gangan. Da ce maka aka yi da kansu suka sauko?"

To, tunda kun tarar da zancen a tsakiya, bari ku ji yadda aka yi har kabewa ta shiga maganar mutuwa.

Direba rabin rayuwarsa a titi ya yi ta, yana jan babbar motar kaya. Da ya ajiye tuƙi, matarsa ta riga shi tafiya, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai ya kwaso tsofaffin tayoyi ya jera a tsakar gida, ya cika su da ƙasa da taki. Wannan tumatir, waccan barkono, ga na'a-na'a, ga wata jar fulawa da shi kansa bai san sunanta ba a cikin galan ɗin man inji da ya yanke wa kai. A babbar tayar kusurwa kuwa kabewa ce, ta yi yaɗo har ta haye igiyar shanya.

Yana da muzuru mai ruwan toka, wanda ya tsinta a ƙarƙashin mota yana ɗan mitsitsi. Ya sa masa suna Kwandasta, wai don ya iya karɓa bai iya mayar da canji ba. Mai Tsintsiya da Kwandasta ba sa ga maciji. Ita tsintsiya take ɗaurewa tana sayarwa a ƙofar gida, shi kuma duk faɗin duniyar nan bai ga wurin kwana ba sai kan damin tsintsiyarta. Katangar da ke tsakanin gidajen biyu ta zube ta gefe ɗaya tun matar Direba na da rai, ba a kuma gyara ba, don ta nan matan biyu ke miƙa wa juna gishiri da labarin mutane. Ta nan muzurun ke shiga, ta nan kuma yake fitowa a guje da takalmi a bayansa.

Wata rana Direba ya dawo da baƙar kyamara rataye a wuya, wadda wani mai ɗaukar hoton taro ya gaji da ita.

"Me za ka yi da wannan da furfurarka?" in ji Mai Tsintsiya.

"Na gaji da wuce abu a guje," ya ce. "Duk abin da na gani a duniya ta madubin gefe na gan shi, yana komawa baya. Yanzu so nake in tsayar da abu ɗaya in kalle shi."

"To ka kalle shi mana. Sai da akwati?"

Bai kula ta ba. Ya dinga rarrafe tsakanin tayoyi yana ɗaukar ganye, yana ɗaukar tururuwa, yana ɗaukar Kwandasta yana hamma. Bai iya ba, amma bai san bai iya ba, saboda haka yana jin daɗinsa.

Sai hawan jini ya buge shi wata safiya yana ban ruwa. Da aka sallamo shi daga asibiti, ƙafar dama tana ja, baki ya ɗan karkace, hannun dama kuwa ya zama kamar na aro, yana rataye ba ya karɓar saƙo.

Ba a daɗe ba Mai Tsintsiya ta jiyo shi yana zage-zage. Ta leƙa ta inda katangar ta zube. Yana zaune a kujerar roba, kyamara a cinya, yana ta ƙoƙarin ɗaga ta da hannun hagu ya kuma kai yatsa wurin dannawa. In ya riƙe, yatsa ba ya kaiwa. In yatsa ya kai, kyamara ta sulluɓe.

"Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa jin labarin bahago ba," ya ce. "Komai a dama ya sa."

"Kawo in danna maka."

"Ki danna mini? Gobe kuma ki tauna mini abinci."

"To zauna nan ka yi ta kokawa da ita, mu ga wa zai ka da wani."

Ya jujjuya ta, ya jujjuya ta. Can sai ya kife ta, sama ta koma ƙasa. Mariƙin ya dawo hagu, wurin dannawar ya sauka daidai kan babban yatsansa. Ya ɗaga, ya saita muzurun da ke kwance gindin tumatir. Ƙyas!

Ya miƙe kyamarar yadda masu hannu biyu ke riƙe ta, ya nuna mata gilashin baya. Ga Kwandasta nan yana lilo daga sama kamar jemage, tumatir kuma yana tsirowa zuwa ƙasa.

"Ka kife duniya, Direba."

"Ita ta fara."

Daga ranar ta samu aikin da ba ta nema ba. Wai ƙarƙashin ganye duhu ne, wai masu sana'ar da abu mai ƙyalli suke turo haske. Ta ɗauko farantin silbar da take ajiye wa baƙi, ta goge shi da toka. Kullum gari na wayewa tana tsugune tsakanin tayoyi, tana tarar rana a faranti tana watsa ta inda ya ce.

"Ƙasa kaɗan. A'a, kin kashe mini ido. Hagu. Hagunki, ba nawa ba. Ribas kaɗan. Birki! Birki nan!"

"Ni ba tirela ba ce, ka yi mini magana kamar mutum."

"Tirela ta fi ki jin sitiyari."

"Tirela ba ta da ciwon gwiwa."

Hoto ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Furen kabewa, in ba ku taɓa lura ba, da sassafe yake buɗewa, fato-fato, ruwan gwaiduwar ƙwai. Rana na fara zafi sai ya tsuke baki kamar wanda ya sha magani mai ɗaci, shi ke nan ya gama nasa, gobe wani ne zai buɗe. Idon Kwandasta kuwa launinsu ɗaya da furen, babu bambanci. Direba so yake ya haɗa su a hoto guda: fuskar muzuru kusa da buɗaɗɗen fure, idanu biyu a buɗe, haske a kansu, kowa ya fito tar.

Sai dai ba a yi shawara da Kwandasta ba. Mai Tsintsiya takan ajiye kan busasshen kifi gindin furen. Ya zo, ya sunkuya, ya ɗauka, ya juya musu baya. Abin da kyamara ta tara ba ya faɗuwa: wutsiya, wutsiya, kunne ɗaya, wutsiya, wani abu dishi-dishi mai ruwan toka yana fita daga gefe.

"In ana sayen hoton gindin muzuru, da ka gina bene," in ji ta.

"Koyo nake. Ranar da na fara tuƙi katangar masu mota na rusa."

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, ita ce ke kusa. Tana aure can cikin gari, a saman bene, gidan hayar da ko tukunyar fure ba a yarda a ajiye a baranda ba, balle muzuru. Duk ƙarshen mako takan zo da magunguna da wankakkun kaya. Yarinyar kirki ce, kar ku ce an ce muku ba haka ba. Wata ranar ta ɗauki kyamarar tana dubawa, ta danna, ta danna, sai ga hawaye.

"Baba, haka kake ganin abubuwa yanzu? A kife?"

Direba ya yi dariya har ya sarƙe. "Juya ta, 'yar nan. Kan ubanki na nan inda kika bar shi, hannu ne ya yi murabus."

Ta juya, ta gani, ta share ido. Sai kuma ranta ya ɓaci, kun san yadda tsoro ke komawa faɗa in ya sauka.

"Baba, ni dai na gaji da kwana da waya a ƙarƙashin kunne. Likita ya ce abin nan yana iya dawowa, in ya dawo kuma ba ya sallama. Daga gidana zuwa asibiti ko mai sanda ya taka. Na gyara maka ɗaki. Akwai fanka, akwai talabijin."

"Akwai ƙasa?"

"Baba, bene ne."

"To ni da ƙasa muna da alƙawari. Ba na so in yi mata nisa."

"Ka daina irin wannan maganar!"

Aka ja, aka ja. Ita kuka, shi taurin kai. Daga ƙarshe ya nuna kusurwa da haɓa.

"Hoto ɗaya nake nema. Wancan ɗan banzan da wancan furen. Ranar da na same shi, ki zo da mota, ni zan nuna miki hanya."

"In kuma fure ya ƙare ba ka samu ba fa?"

Ya dubi kabewar. "In fure ya ƙare, ya ƙare. Na bi ki."

Auta ta waiwayo. "Gwaggo, ke ce shaida."

"Ni faranti nake riƙewa," in ji Mai Tsintsiya. Amma ta ji, kuma ta san yarinyar ta san ta ji.

Ana nan, wata safiya abin mamaki ya faru. Kwandasta ya cinye kan kifinsa, maimakon ya juya sai ya zauna. Ya naɗe wutsiya a ƙafa, ya ɗago fuska, kumatunsa har yana taɓa furen. Haske daga faranti ya sauka a kansu daidai. Mai Tsintsiya ta ɗauke numfashi, gwiwarta na ihu ba ta motsa ba. Tana jiran ƙyas.

Shiru.

Ta saci kallon Direba ta wutsiyar ido. Kyamara na fuskarsa, yatsa na kan wurin dannawa. Yana kallo. Ya yi ta kallo har muzurun ya gaji da zama mutumin kirki, ya yi miƙa, ya tafi neman damin tsintsiya.

"Batir ne?" ta ce.

"Batir lafiya lau."

"Yatsan ne shi ma ya yi murabus?"

Ya sauke kyamarar a cinya, ya tsura wa tayoyinsa ido ɗaya bayan ɗaya, har galan ɗin man inji. "Hasken bai yi ba."

Mai Tsintsiya ta dubi rana, ta dubi farantinta da ke ƙyalli kamar madubi, ta dubi mutumin nan da rabin jikinsa ya riga ya yi gaba ya bar shi. Ba ta je makaranta ba, amma ba yau ta fara ganin mai jinya yana ɓoye takalmi don kar a ce masa tashi mu tafi.

"Gaskiya ne," ta ce. "Ni ma na ga kamar ranar yau jabu ce."

Ba su sake tayar da maganar ba. Amma daga ranar, duk safiyar da Auta ta kwana a gidan ta fito tana kallo, sai hannun Mai Tsintsiya ya kama rawa. Da muzuru ya matso kusa da fure, wal, haske ya faɗa masa cikin ido, ya zabura ya haye katanga.

"Haba Gwaggo! Saura kaɗan fa!"

"Tsufa ne, 'yar nan. Za ki zo wurin."

Direba kuma ya yi ta faɗa kamar gaske. "Kin gani ko? Da wa zan yi aiki? Ma'aikata biyu gare ni, ɗaya ɓarawon kifi, ɗaya injinta na girgiza."

Sai dai kabewa ba ta san da wani shiri ba. Ta fara ɗaukar 'ya'ya. A bayan wasu furannin sai ka ga ɗan ƙulli kore kamar ƙwan kurciya. Ita kuwa kabewa in ta samu goyo sai ta rage kwalliya, duk ƙarfinta ya koma kan 'ya'yan. Furannin da ke buɗewa kaca-kaca a kan igiyar shanya suka dawo ɗai-ɗai. Direba ya gani. Daga nan abincin da ake miƙo masa ta katanga ya fara komawa da saura.

Mai Tsintsiya ta girma a gidan da ake shuka kabewa a bayan ɗaki, ta san halinta. Washegari, kafin ya gama jan ƙafa ya fito, ta bi yaɗon nan ganye bayan ganye, duk ɗan ƙullin da ta gani ta sa farce ta tsinke, ta jefa bayan taya. Kabewa ta nemi 'ya'ya ta rasa. Ba a daɗe ba ta sake ɓarkewa da fure, kamar bazawarar da ta ji an ce akwai taro.

"Ɓeraye sun dame ni a kabewar nan," in ji Direba yana goge idon kyamara da bakin riga. "Ko ɗa ɗaya ba sa bari."

"Manya ne, na gan su."

"Har da ɗankwali, aka ce."

"Ka ga zamani."

Haka suka yi ta yi. Ita tana tsinka, kabewa tana fure, shi yana ɗaukar wutsiya. Kuma abin da Dillali bai sani ba, a wannan tsakanin mutumin ya iya hoto. Ya ɗauki ɗigon raɓa a bakin ganyen barkono, kana ganin gidan gaba ɗaya a cikinsa. Ya ɗauki gashin bakin Kwandasta da ɓarɓashin kifi a jiki. Ya ɗauki hannun Mai Tsintsiya riƙe da faranti, duk jijiyoyin a waje. Ta ce ya goge, wannan ai saiwar bishiya ce. Ya ce ba ya goge aikin da ya yi kyau.

Ranar da asiri ya tonu, tsakiyar mako ce. Auta ta biyo da sassafe kafin ta wuce aiki, ta shigo ba a ji motsinta ba. Ta tarar da Mai Tsintsiya a duƙe cikin ganye, tafin hannunta cike da 'yan korayen ƙulle-ƙulle.

Suka kalli juna.

"Gwaggo."

"Na'am."

"Shi ya sa fure ya ƙi ƙarewa."

"Ƙasar ce mai kyau."

"Gwaggo, kin san abin da likita ya ce."

"Na sani. Likita ya faɗi nasa. Ke kuma leƙa can ki gani."

Ta taga ana hango shi a bakin gado. Ya danne kyamara tsakanin gwiwoyi, yana ta fama ya zura batir da hannu ɗaya, yana yi wa muzuru huɗuba a kan cin amana. Ya riga ya sa hula. Mutumin da aka sallamo daga asibiti ba ya ko son a ɗaga labule.

"In kin kai shi bene, me zai sa wa hula?" in ji Mai Tsintsiya. "Fanka?"

"In ya faɗi ba kowa fa?"

"Katanga a zube take. Ni kuma barci ya daɗe da sakina, ko tari ya yi ina ji."

Auta ta daɗe a tsaye, jakarta a kafaɗa. Mai Tsintsiya ta jira a yi mata tas, ta ma shirya amsa. Sai yarinyar ta sunkuya, ta ɗaga wani faffaɗan ganye da ke kusa da ƙafarta.

"Kin manta wannan."

Ta sa farcenta ta tsinke, ta buɗe jaka ta jefa shi ciki, ta ja zif. Sannan ta share fuska ta shiga ɗaki tana cewa, "Baba, ka sha maganin safe kuwa, ko sai na yi faɗa?"

Safiyar ƙarshe ba ta zo da wata alama ba, sai dai Direba ya riga Mai Tsintsiya fitowa. Ta same shi a kujera, ya sa farar riga mai tsabta, maɓallan sun hau juna a karkace don da hannu ɗaya ya sa su. Fuskarsa ta yi wani iri.

"Kaina kamar an ɗora masa lodi," ya ce. Maganar tana fita da nauyi. "Hannun hagun ma ya fara yi mini gardama."

"In kira Auta."

"Ki kira ta. Amma ki fara riƙe mini faranti." Ya dube ta sosai. "Yau ki riƙe shi da gaske."

Ta buɗe baki za ta mayar masa da baƙar magana, don akwai guda a kan harshenta. Ta haɗiye. Ta je ta ɗauko faranti da kan kifi.

Fure ɗaya ne babba ya buɗe ƙasa-ƙasa, daidai bakin taya. Ta ajiye kifin, ta tsuguna, ta tari rana. Hannun nan da aka ce tsufa ya lalata ya tsaya kamar an dasa shi. Kwandasta ya zo yana yanga, ya ci, ya lashe baki, ya fara juyawa yadda ya saba. Sai ga ƙudan zuma ya sauka cikin furen yana ƙugi. Muzurun ya tsaya cak. Ya miƙo wuya, kunnuwa a tsaye, idanu a buɗe tar, hancinsa kusan a cikin furen.

Ƙyas.

Guda ɗaya. Bai ƙara ba.

Ya sauke kyamarar da ƙyar, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mata. Ta karɓa a kife yadda yake riƙewa, don ta riga ta saba. Launi ɗaya a wuri uku: ido, ido, fure. Har ƙafafun ƙudan zuman ana gani.

"Ya yi?" ya ce.

"Wutsiyar ba ta fito ba."

Rabin bakinsa mai rai ya yi murmushi. "Ki ce wa Auta ta zo da mota. Na cika alƙawari."

Ta mayar masa da kyamarar a cinya, ta tsallaka ta inda katanga ta zube, ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi, ta danna lambar da Auta ta nuna mata a riƙa dannewa. Ta ce, "Ki zo yanzu, ki bar komai." Ba ta tsaya jin tambaya ba.

Da ta dawo yana nan yadda ta bar shi, sai dai kan ya kwanta gefe, hula ta zamo kan gira. Kyamara a kife a cinya, babban yatsa a wurinsa. Kwandasta ya kwanta a kan ƙafar nan da ba ta ji. Furen bai ko fara rufewa ba.

"Direba."

Ta taɓa wuyansa. Ta kara bayan hannunta a hancinsa.

"Direba, an iso ke nan?"

Ta yi salati a hankali, ta shafa idanunsa ta rufe, ta gyara masa hula. Ta ɓalle maɓallan rigar ta mayar da kowanne gidansa. Rana ta fara hawowa kan katanga tana dukan fuskarsa. Sai ta ɗauki farantin ta tsaya a gefensa, ta kare shi da shi, ta yi masa inuwa. Haka Auta ta shigo ta same su, makullin mota a hannu.

Wannan shi ne abin da ya faru. Sauran kuwa, wani mai tsinin ido cikin masu zuwa gaisuwa ya leƙa bayan taya, ya ga tarin busassun 'yan kabewa, ya kai wa Dillali, Dillali ya haɗa da abin da ya ji game da alƙawarin fure, ya samu abin yi. Mutumin da tun da yayansa ya kwanta sau ɗaya aka ga ƙeyarsa, shi ma a tsaye ya yi gaisuwar don ya bar babur a kunne.

Muryar ta bayan katanga ta sake tashi. Mai Tsintsiya ta saurara, kai a karkace. Labulen ɗaki ya motsa, Auta ta fito bakin ƙofa, idanu a kumbure, kyamarar ubanta rataye a wuya. Ta buɗe baki za ta yi magana. Tsohuwar ta watsa mata wani kallo, irin wanda ake yi wa yaro in zai taɓa wuta. Yarinyar ta rufe baki, Mai Tsintsiya ta mayar wa Dillali da tambayarsa.

"Wa ya taya ni? Ka ji ka da wata tambaya. Kabewa ce, ba rijiya ba, da za a ce sai an taru. Ni na tsinke su, Dillali. Ni kaɗai, da wannan farcen. Da ya ƙara wata guda, da na ƙara tsinkewa, da ta gaji ta bushe da na shuka wata."

Aka ce wani abu daga waje, gajere.

"Ƙila. Ƙila da yana bene da ya ƙara kwana yana kallon fanka. Kwana ba a hannunka yake ba, ba kuma a hannuna ba. Ni safiya ce kawai a hannuna, ita na ba shi. Kai me ka kawo?"

Daga waje sai ƙarar kujera da wani ya gyara, da tarin wani dattijo.

Ta jira kaɗan, don ba ta son a ce ta hana mutum magana. Sai ta ɗaga bokitin ta bi tayoyi, tumatir, barkono, na'a-na'a, jar fulawar da ba ta da suna. A kusurwa ta juye sauran ruwan a gindin kabewa. Kwandasta na kwance cikin inuwar ganye, ya ɗage ƙafa ɗaya don kar ta jiƙe, bai tashi ba. Kusa da cikinsa ga wani ɗan ƙulli kore, ya kai dunƙulen hannun jariri, busasshen fure na maƙale a hancinsa. Ta tura ƙasa da yatsa ta yi masa matashi.

Ta miƙe tana dafe da gwiwa, ta fuskanci katangar titi.

"Ga guda nan na bari. In ta nuna ka aiko, a yanka maka naka."